Akwatin da Hajiya Ta Ce Babu Shi

Gara ce ta kai ni gidan Hajiya, ba neman ilimi ba. Ni ma'aikacin gidan adana takardun tarihi ne, tun ina saurayi har furfura ta fito. Aikina kaɗe ƙura, raba takardar da ta manne da 'yar'uwarta, da yi wa ɗalibai tsawa in sun lashi yatsa kafin su juya shafi. In tsohuwar takarda ta fara lalacewa a wani gida sai a ce a nemo ni, kamar yadda ake neman mai ɗori in ƙafa ta karye. Wata Asabar ɗan Hajiya, wanda muka yi sakandare tare, ya kira ni ya ce gara ta shiga akwatin kakansa, tsohuwa ta hana kowa sakat, don Allah in zo in duba.

Gidan yana Nassarawa GRA, cikin tsofaffin gidajen nan masu baranda zagaye da ba a riga an rushe an gina otal ba. Daga Tudun Murtala nake tahowa a kan babur ɗina. Mai gadin, wani dattijo mutumin Jigawa, bai taɓa yarda mai babur zai iya zama baƙon Hajiya ba. Kullum sai ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, ya dube ni, ya dubi babur, ya tafi tambayowa. Wata bakwai ina zuwa, wata bakwai yana tambayowa.

Hajiya ta haura tamanin a lokacin, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido da kaifin baki. Ta sa aka fito da akwatin baranda, ta kori kowa har ɗan nata, sannan ta kwance makulli daga haɓar zaninta. Akwatin ƙarfe ne irin na da. Gara gefe ɗaya kawai ta taɓa, don tsohuwar tana zuba busasshen ganyen darbejiya a ciki duk damina. Takardu ne warwara, ɗauri-ɗauri, kowane ɗauri an kewaye shi da yankin ƙyalle. Rubutun Larabci ne da tawadar gida irin ta allo, a gefe kuma 'yan bayanai da ajami. Na zari ta farko na karanta, na zari ta biyu, sai na gane abin da ke hannuna.

Mahaifin Hajiya magatakardan alƙali ne a zamanin da bauta ke ƙarewa, lokacin da bayi ke zuwa gaban alƙali su fanshi kansu, ko a 'yanta su, a ba su takardar shaida. Duk takardar da ya rubuta a kotu sai ya koma gida ya sake kwafe ta ya ajiye. Sunan wanda aka 'yanta, sunan ubangijinsa, garin da aka kamo shi, sunayen shaidu, duk ga su nan.

"Ka karanta?" in ji Hajiya.

Na ce, "Na karanta, ranki ya daɗe."

"To ka ga abin da ya sa ko 'ya'yana ban bari sun buɗe ba. Baba ya ce min in ajiye, wata rana wani zai tashi ya ce wance baiwarsa ce, to ga shaida. Don kare su ya ajiye. Yanzu kuwa zamani ya juya, takardar da ta rufa musu asiri ita za ta tona shi. Jikokin mutanen nan suna nan, ɗan nan. Wasu a unguwar nan suke, da manyan motocinsu. Na je bikinsu, sun zo nawa. Ka san mutanenmu da binciken asali. In magana ta fita, akwai auren da zai mutu, akwai wanda ba za a ɗaura ba."

Na roƙe ta ta bar ni in yi nazarin takardun bayan na gama gyara. Ta ja carbinta, sannan ta gindaya sharuɗɗanta. Ba ɗaukar hoto. Ba fita da ko shafi ɗaya. In kwafa da hannuna in ina so, amma littafin ya zauna a ɗakina. In zan yi rubutun ilimi in yi, amma ba sunan kowa, ba sunan gidan.

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba," in ji ta.

Na ce, "Na ɗauka amana, Hajiya."

Ta ce, "Amana fa ka ce. Da bakinka."

Haka na riƙa zuwa duk Asabar da buroshina mai laushi da fensir da littafin rubutu mai baƙin bango. Ita tana gefe a kan darduma tana sa ido, wani lokaci ta aiko min da kunun gyaɗa, amma sai na matsa nesa da akwatin kafin ta bari in sha. Da a wurin aikinmu take, da ta fi rabin ma'aikatanmu sanin aiki.

Abin da ya ɗaure min kai da farko shi ne tsarin ɗaurin. Ba bisa shekara aka jera su ba, ba bisa sunan ubangiji ba, ba bisa gari ba. Takardar farkon zamanin sai ka same ta a ɗauri ɗaya da wadda aka rubuta shekaru da yawa bayanta. Na kusa cewa tsohon bai da tsari, kamar yadda aka koya mana cewa kakanninmu tarawa kawai suka iya, tsari sai da Turawa suka zo. Sai ran nan na kwance wani ɗauri mai shuɗin ƙyalle, takarda huɗu. Ta farko ta wata mata ce. Biyu na bayanta maza ne, kowanne an ambaci matar a matsayin uwarsa. Ta ƙarshe ta wata yarinya ce da aka 'yanta daga wani gida dabam, shekaru bayan sauran. A gefenta magatakardan ya rubuta da ajami, da ƙananan baƙaƙe: ta isa ga uwarta, alhamdulillahi.

Na ajiye fensir na koma kan sauran ɗaurin ɗaya bayan ɗaya. Duk haka suke. Mutumin nan iyalan da bauta ta warwatsa yake haɗawa a takarda, uwa da 'ya'yanta ɗauri guda, komai nisan gidajen da aka raba su. Tsari ne cikakke, kuma ba wanda ya koya masa. Ban taɓa jin daɗin aikina ba kamar wannan yammacin, har Hajiya ta tambaye ni ko ƙura ce ta shiga min ido.

A nan ne buri ya shigo. A wurin aikinmu an kafa ƙa'ida cewa ba mai hawa babban mataki sai ya buga maƙala a mujallar ilimi da ake tantancewa. Ni kuwa na tsaya cak a wuri ɗaya. Yaran da na koya wa yadda ake riƙe tsohuwar takarda sun wuce ni, na koma ina ce musu ranka ya daɗe. Shekara uku ta rage min in yi ritaya. Ina son ƙarin girman, ba zan ɓoye ba. Amma abin da na fi so shi ne in bar abu ɗaya da sunana a kai, bayan na ƙare rayuwata ina ɗauko wa wasu fayil suna yin suna.

Na rubuta maƙalar a kan tsarin magatakardan. Ba suna ko ɗaya. A wurin da ya kamata in faɗi inda takardun suke, na rubuta cewa suna hannun wani iyali a Kano da suka nemi a sakaya su. Ɗaurin shuɗin ƙyalle na sa a tsakiya, shi ne babban misalina.

Mujallar fanninmu da ke kusa da mu ɗaya ce, editanta kuma Malamina ne. Shi ya duba aikin digirina, shi ya zama wakilina ranar ɗaurin aurena, shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba. Tun da ya yi ritaya daga jami'a ya mai da garejin gidansa ofishin mujallar, a nan Nassarawa GRA, layi biyu tsakaninsa da gidan Hajiya. Ƙa'idar aikin ita ce a cire sunan marubuci a aika wa masana biyu su tantance, su ba su san shi ba, shi bai san su ba. A wata ƙasar wataƙila hakan na yiwuwa. A Kano kuwa masu iya karanta irin wannan rubutu su kuma san ilimin adana takardu ba mu cika tabarma ɗaya ba, kuma duk wata jana'iza ko ɗaurin aure tare muke. Kowa ya san salon kowa. Ɓuyan 'yan yara muke yi, wanda yaro zai rufe idonsa ya ce ba a ganinsa.

Na jira shekara guda da 'yan watanni. In na je gaishe da Malam ba na tambaya, don tambaya rashin kunya ce. Shi ma ba ya ɗauko zancen, don ɗaukowa saɓa ƙa'ida ce. Sai mu yi hirar ciwon ƙafarsa da tsadar takarda, in yi sallama in tafi.

Da rahotannin suka fito, na farko rabin shafi ne. Ya yaba, ya ce sai dai in ƙara ambaton wasu ayyuka uku. Dukansu ukun na mutum ɗaya ne, don haka ban sha wahalar gane shi ba. Na biyu shafi huɗu ne cif. Ya ce ba lambar ajiya, ba sunan mai takardun, ba hoto, ba hanyar da wani masani zai bi ya duba ko abin da aka faɗa gaskiya ne. Ya ce wannan tatsuniya ce mai daɗi, amma mujallar ilimi ba dandalin tatsuniya ba ce. Ɗaurin shuɗin ƙyalle ya fi tsaya wa. Ya ce kyan labarin ya yi yawa, uwa da 'ya'ya da 'yar auta da ta iso a ƙarshe har da alhamdulillahi a gefe, irin abin da marubuci ke ƙagawa ne in yana so ya sa mai karatu hawaye.

Na karanta rahoton sau uku, ina ƙarewa ina sake zagin mai shi a zuci. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne a ƙa'idarmu yana da gaskiya. Ni da bakina na sha gaya wa ɗalibai cewa takardar da ba a san inda take ba, babu ita. Da wani ne ya rubuta maƙalar aka ba ni in duba, da kusan abin da zan ce ke nan, sai dai da ladabi.

Ban daɗe ba na san ko wane ne. Wani Farfesa ne da na girme shi nesa ba kusa ba, wanda na sha hawa tsani ina sauko masa da fayil lokacin yana ɗalibi, yana ce min Baba. A wurin wani ɗaurin aure a unguwar Gama ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, wancan aikin naka... wato wani aiki da na gani kwanaki, ba ka san shi ba, da mai shi zai faɗi inda ya samo, da an wuce wurin." Ya yi dariya, ni ma na yi. Tantancewar da ba a san juna ba ke nan.

Bayan kwana biyu Malam ya aiko in zo. Na je bayan la'asar, na cire takalmi a bakin gareji, na durƙusa na gaishe shi, na zauna a ƙasa kamar yadda na saba tun ina ɗalibi, ko da yake ga kujeru. Ya ce aikin ya yi kyau, ya ce a shekarunsa bai ga abin da ya faranta masa rai kamarsa ba. Ya ce amma ba zai iya tsallake rahoto na biyu ba. Hanya ɗaya ce: in shi edita ya san inda takardun suke, zai rubuta a ƙasan shafi cewa mujalla ta tabbatar da samuwarsu, ba sai an bayyana gidan ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, amana aka ba ni."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ni ma ba za ka gaya min ba?"

Wanda bai tashi a gaban malami ba, zai ce ai sai ka ce a'a. To, ni ban taɓa ce wa mutumin nan a'a ba tun da na san shi. A wurinmu ɓoye wa malaminka abu daidai yake da ce masa ba ka yarda da shi ba, kuma wannan ba maganar da ɗalibi ke yi ba ce, ko da furfura a kansa. Na gaya wa kaina cewa Malam ba kowa ba ne, uba ne, gaya masa kamar ban gaya wa kowa ba ne. Ƙarya na yi wa kaina, kuma na sani tun a lokacin, don ƙarin girman nan yana tsaye a zuciyata yana ɗaga min hannu. Na sunkuyar da kai na faɗi gidan.

"Ikon Allah," in ji Malam. "Ashe maƙwabta ne."

Ban ce masa kada ya je ba. Na ɗauka sani kawai yake so. Na manta Malam mutum ne da ba ya sa hannu a kan abin da idonsa bai gani ba, kuma saboda wannan halin muke girmama shi. Na yi niyyar zuwa ranar Asabar in shirya wa Hajiya maganar a hankali, in nemi afuwa, in roƙe ta. Gaskiya kunya ce ta sa na ɗaga har Asabar, da na so da a ranar zan ratsa layi biyun nan. Su kuwa ranar Alhamis suka je. Malam ya daina tuƙi saboda idonsa, sai ya ga ai gara ya kira mai rahoto na biyu ya ɗauke shi a mota, ya gani da idonsa, magana ta ƙare. A ganinsa alheri yake yi min.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya sake aiko min. Wannan karon bai tambayi iyali ba.

"Mun je," ya ce. "Ta karɓe mu hannu biyu, ta sa aka kawo mana dabino da ruwan sanyi. Da na ɗauko zancen takardu sai ta ce waɗanne takardu? Ta ce ita akwatunanta na zannuwa ne. Ta ce ta san ka, abokin ɗanta ne, kakan leƙo ka gaishe ta."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Ba zan taɓa faɗa ba. Amma a gaban mutumin nan aka yi, kuma ni na kai shi. Ba zan iya bugawa ba."

Ya turo min ambulan ɗin maƙalata a kan tebur. Na karɓa da hannu biyu, har godiya na yi, don baki ya saba.

Daga nan gidan Hajiya na nufa, raina a ɓace, ina shirya maganganu a kan babur. Wace irin tsohuwa ce za ta ƙaryata ni a gaban Malamina? Wata bakwai ina tsugune ina cire mata kashin gara da buroshi, sakayyata ke nan? Da na isa, mai gadin bai tafi tambayowa ba. Ya buɗe babbar ƙofa ya ce, "Ta ce in ka zo ka shiga."

Tana baranda a kan dardumarta. Akwatin yana tsakar gida a buɗe, an kifa murfinsa yana shan rana, ba komai a ciki. Gefensa babban bahon wanki ne. A kan igiyar shanya an rataye yankunan ƙyalle a jere, har da shuɗin. Gindin mangwaron da ke bakin barandar ya jiƙe, ƙasar ta yi baƙi ƙirin.

Duk maganganun da na shirya suka gudu. Na durƙusa a gabanta.

"Akwai sunan Allah a ciki, shi ya sa ban ƙona a bola ba," in ji ta. "Jiƙa su na yi tun jiya. Tawadar Baba ba ta da gardama, kamar wankin allo. Ruwan na zuba a nan, takardun na sa aka binne."

Na ce, "Hajiya, babu irinsu a duniya. Babu."

"Na sani. Na fi ka sani, tun ban yi aure ba nake canja musu ganye." Ta gyara mayafi. "Ka sa na yi ƙarya da tsufana, ɗan nan, ga carbi a hannuna. Tun jiya nake istigfari. Mutum biyu suka zo, gobe huɗu ne, jibi a zo da na'urar hoto da takarda daga hukuma. Ni kuma saura kwana nawa? In na mutu wa zai ce musu babu?"

Na ce Malam mutumin kirki ne, ba zai faɗa wa kowa ba. Na ce ni ma don tabbatarwa kawai na faɗa.

"Malaminka ban da matsala da shi. Wanda ya tuƙo shi, ka san jikan wace ce?"

Na ce ban sani ba.

Ta nuna igiyar shanya da haɓa, wajen shuɗin ƙyallen. "'Yar autar nan da ta isa ga uwarta. Ita ta haifi ubansa. Na san ta, ta sha zuwa gidanmu gaishe da Baba, takan kawo masa daddawa. Su a gidansu cewa ake daga gabas kakarsu ta zo, 'yar malamai. 'Yar shi Farfesan aka sa wa rana bayan Babbar Salla, an kawo min goro. So kake in buɗe masa akwati a barandata, ya karanta da bakinsa a gaban Malaminku?"

Na zauna daɓas a kan siminti. Mutumin da ya rubuta shafi huɗu yana cewa ƙaga yarinyar nan na yi, ashe kakarsa yake cewa ba a taɓa yi ba. Kuma tsohuwar da ya fita yana yi wa kallon shaidar cewa ƙarya na yi, shi ta rufa wa asiri.

Can na tuna da littafina mai baƙin bango. Duk abin da ke akwatin yana ciki da fensir, har sunaye. Na ce mata gobe zan kawo shi ta wanke shi ma, tunda na nuna ban isa riƙon amana ba. Da gaske nake, kuma ina so ta karɓa, ko na samu sauƙi.

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, abin da ya fi min ciwo ke nan.

"Riƙe abinka," ta ce. "Yanzu ai ba mai yarda da kai."

Gaskiyarta. Ƙarin girma bai zo ba, na yi ritaya a matakin da nake. Ba wanda ya tuhume ni a takarda, mu ba ma haka. Sai dai aka daina aiko min ɗalibai, aka daina kirana taron fanni, in na shiga ofis hira ta canja. Wani tsohon ɗalibina ya gaya min Farfesa yakan kawo misali a aji, ba ya kama suna, na wani ma'aikaci da ya ƙagi akwati guda na takardu don neman ƙarin girma, tantancewa ta kama shi. Ya ce ɗalibai suna rubutawa, har a jarrabawa yana fitowa. Malam kuwa na ci gaba da zuwa gaishe shi har ya rasu, muna hirar ciwon ƙafa. Bai sake ce min in kawo wani rubutu ba.

Haushin Hajiya na ji na wata ɗaya, na Malam na shekara. Na Farfesa bai wuce ba har yau, ba zan yi ƙaryar na yafe ba. Amma kowa a cikinsu ƙa'idarsa ya bi, ita ta amana, su ta aiki. Ni kaɗai na saki tawa, kuma ban samu ko abin da na sake ta dominsa ba. Ba tsuntsu ba tarko.

Hajiya ta rasu bara waccan. An sayar da gidan, an sare mangwaron, yanzu wurin ajiye motocin wani otal ne. Littafin yana ƙasan akwatin kayana, duk damina ina canja masa ganyen darbejiya. Sau da yawa nakan ɗauko shi in buɗe shafin ɗaurin nan in zauna. Sunan matar yana nan, sunan 'yar autar yana nan, sunan gidan da aka fanso ta yana nan. Rana ɗaya ta ishe ni in bi dangi in haɗa zaren, in kai wa Farfesa har ofis, in wanke sunana tas.

Watan jiya muka haɗu da shi a wata jana'iza. Ya yi ƙiba, yana riƙe da hannun jikansa, ɗan 'yar nan tasa da aka yi wa aure bayan Babbar Salla. Ya gaishe ni da fara'a, ya sa yaron ya gaishe ni. Sannan ya matso, murya ƙasa-ƙasa, da murmushin nan nasa.

"Baba, har yanzu ba a ga akwatin ba?"

Na dubi yaron, ya ɓoye fuska a rigar kakansa yana leƙena.

Na ce, "Ba a gani ba, Farfesa."